Masallacin ƙauyenmu da majami'ar ƙauyen Faransa

Shekarun baya, wani taron ilimi ya kai ni Faransa. Ranar hutu abokin aikina ya ɗauke ni zuwa ƙauyensu, inda na tarar da wata ƙaramar majami'a ta dutse, mai kaurin bango da ƙananan tagogi, wadda aka ce mini ta haura shekara 800. Masu ibada a cikinta ba su cika sahu biyu ba, amma rufinta ba ya yoyo. Dalili shi ne doka: tun bayan dokar 1905 da ta raba addini da gwamnati, yawancin majami'un da aka gina kafin shekarar suna hannun hukumar gari, kuma dokar 1913 ta ba waɗanda aka yi wa rajista kariyar kayan tarihi.

Ina tsaye a wurin, hankalina ya koma masallacin ƙauyenmu a ƙasar Ƙanƙara, inda na fara bin sahu ina yaro. Da tubali aka gina shi, bangon ya yi kauri daga ƙasa yana sirancewa zuwa sama. An rufe shi da azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazara ta wuce kimanin taku shida, sai magina suka kafa ginshiƙai kusa-kusa, a tsakiya kuma suka ɗaura bakan gizo: azara kan azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har suka haɗu a sama. Wannan ilimi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙololuwa a masallacin Juma'a na Zariya, zamanin Sarki Abdulkarimu. Namu maginin bai bar suna ba, amma hannunsa bai karkace ba. Ko a tsakiyar bazara, cikin masallacin sanyi ƙalau.

Sai dai ginin ƙasa ba ya rayuwa shi kaɗai. Kowace shekara kafin damina ake yin gayya, a sabunta yaɓe, a shafa makuba, a gyara indararo. Mutanen gari su ne dokarsa ta 1913. Shi ya sa abin da 'yan bindiga suka jawo a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ya wuce asarar rayuka da shanu, ko da yake waɗannan su ne kan gaba. Ƙauyen da ya watse ba ya gayya, kuma damina biyu ko uku sun isa su mayar da soro tsibin ƙasa. Inda kuma aka zauna lafiya, mai hali kan rushe tsohon ya kafa na bulo da kwano, da kyakkyawar niyya, ba tare da an ɗauki ko hoto ba. Ban ga laifinsa ba. Jama'a ta ƙaru, tana buƙatar fili.

Ginin ƙasa ba abin kunya ba ne: masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar, aikin Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Roƙona ga jami'o'inmu na Katsina da Dutsin-Ma shi ne su tura ɗalibai inda hanya ta buɗe, su auna waɗanda suka rage, su zana su. Tsofaffin magina kuwa ba sai an shiga daji neman su ba. Da yawansu suna gudun hijira a Funtuwa da Malumfashi, ana iya zama da su a naɗi bayaninsu tun wannan ranin.