Shayin kayan ƙamshi a Tambuwal da Kebbe: Yadda tsadar citta ta shiga cikin buta

Da sanyin asubar hunturu, kafin shaguna su buɗe a Tambuwal, wutar masu shayi ce ke fara ci a bakin babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato zuwa Jega. Direbobi da fasinjoji kan tsaya su ɗumama jiki, kuma da yawansu ba shayin jaka suke nema ba. Sun fi son na ganye, wanda aka dafa da citta da kanumfari da kimba. Haka abin yake a Kebbe da ƙauyukanta, inda magidanta kan sayi ƙullin ganye da na kayan ƙamshi ranar kasuwa su kai gida.

Sai dai kusan duk abin da ke cikin butar baƙo ne. Koren ganyen da Buzaye suka shahara da dafawa daga ƙasar Sin yake zuwa. Baƙin ganye kuwa mafi yawansa shigo da shi ake yi, duk da cewa ana nomansa a Kakara da ke tsaunin Mambila a jihar Taraba. Kanumfari amfanin gonar Zanzibar ne da Madagaska da Indonesiya, ita kuma citta daga kudancin Kaduna take fitowa, musamman yankin Kachia.

A nan matsalar ta faro. A daminar 2023 wata cuta ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna ta lalata amfani mai yawa, farashi ya yi tashin gwauron zabi. A shekarar ce kuma aka cire tallafin man fetur, aka rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli, ba a sake buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024. Mai shayin da ba ya son ƙara kuɗin kofi, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya rage citta ya cike giɓin da barkono. Yaji zai fito, amma harshen da ya saba ba ya ruɗuwa: zafin barkono a leɓe da kan harshe yake tsayawa, na citta kuwa yakan gangara maƙogwaro ya ɗumama ƙirji.

Dafawar kanta tana da tsari, kuma yawancin shayin da ke ɓaci a gidaje gaggawa ce ke ɓata shi. Kayan ƙamshi ne ke fara shiga ruwa, a daddake, domin busasshiyar citta da girfa ba sa sakin ƙarfinsu sai sun tafasa kamar minti goma. Kanumfari ƙwaya uku ko huɗu sun ishi ƙaramar buta. Idan ya yi yawa sai ya kashe harshe, ya danne ƙamshin saura. Kimba ma sai da lura, don ƙamshinta a ɓawo yake, 'ya'yan cikinta ɗaci ne da su.

Ganyen shayi shi ne na ƙarshe. A rage wuta, a zuba shi, a rufe minti uku zuwa huɗu, sannan a tace. Barin baƙin ganye yana ta tafasa shi ke kawo baurin nan da ke sa mutum ya yi ta ƙara sukari. Na'a-na'a kuwa bayan an sauke ake jefa ta, in ba haka ba ƙamshinta ya bi tururi.

Shayin Buzaye bai bin wannan ƙa'ida. Da gangan ake dafa koren ganyen ya yi ƙarfi a kan gawayi, a riƙa zuba shi daga sama tsakanin buta da ƙananan kofuna har ya yi kumfa, a sha sau uku daga ganye ɗaya. Na farko ya fi ɗaci, na uku ya fi laushi.

Ga mai son gane shayi mai kyau, sai ya kurɓa kafin a sa madara da sukari, domin su biyun ne ke rufe asirin ganyen da ya kwana da cittar da aka rage. Masana lafiya kuma na shawartar masu juna biyu da masu ƙarancin jini su bar tazarar kamar awa guda tsakanin abinci da shayi, saboda sinadarin da ke kawo baurin yana rage ƙarfen da jiki ke zuƙa daga abinci.