Da Dick Tiger da Hagler, Wa Zai Kashe Wani?

A Dandin Mahe, da kaka ta yi aka fara dambe, sai musu ya tashi: shin akwai ɗan damben yau da zai iya tsayawa gaban Shago, wanda Ɗan Anace ya waƙe? Irin wannan musu yana nan a damben Turawa ma, inda ake haɗa mutane bisa nauyi. Bari mu duba ajin matsakaita, na kilo 72 da rabi.

Dick Tiger ɗan Nijeriya ne. Ya ƙwace kambin duniya daga hannun Gene Fullmer a 1962, ya sake doke shi a Ibadan a 1963. Gajere ne, ƙaƙƙarfa, ba ya ja da baya. Marvin Hagler na Amurka kuwa bahago ne mai dogon hannu, ya riƙe kambin daga 1980 zuwa 1987.

To, da sun haɗu fa? Wanda duk ya tsaya musayar naushi da Tiger ya sha wuya. Amma Joey Giardello ya raba shi da kambin a Disambar 1963 ta hanyar bugu yana zillewa har turmi 15. Hagler ya iya wannan, ga shi yana sauya hannu a tsakiyar faɗa.

A ganinmu Hagler zai ci da maki, ko da yake zuciya tana wajen ɗan gida. Kisa kam ba ma zato. Ko Bob Foster da ya shimfiɗe Tiger a 1968, a ajin da ya fi wannan nauyi ya same shi.