Takin Lambu a Gidan da Ake Kiwon Kare

A gidaje da yawa na Kaduna, Zariya da Jos, fili guda ne a bayan ɗaki ke ɗauke da abu biyu: 'yan kunyoyin alayyafo, tumatir da yakuwa, da kuma karen gadi da ake kwancewa bayan sallar isha'i. Da rana lambun na mutanen gida ne. Da dare kuwa na kare ne, yana bi yana shinshina duk abin da aka zuba a ƙasa. Gidana ma haka yake, shi ya sa ba na sayen taki sai na tambayi kaina ko zai ja hancin kare.

Yawancin masu lambu takin zamani suke tsoro. A ganinsu abin da ya fito daga masana'anta shi ne guba, na gargajiya kuwa lafiya lau. A wajen kare lissafin ba haka yake ba, domin shi da hanci yake zaɓen abin da zai ci, kuma takin da ya fi yi masa ƙanshi shi ya fi kai shi ga halaka.

Kamfa, wanda ake rubuta 15-15-15 ko 20-10-10 a jikin buhunsa, haɗin naitirojin ne da fosfaras da fotasiyam. Yuriya kuwa kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne. Duka ba su da ƙanshin abinci. Karen da ya lashi 'yan ƙwayoyi yakan yi dalala, ya yi amai ko zawo, galibi abin ya wuce. Haɗarin yana ga buhun da aka bari a buɗe a zaure, ɗan kwikwiyo ya yage shi ya ɗibi da yawa. Dabarar ba wuya: a tona gefen shuka a binne takin, a yi ban-ruwa sosai har ya narke, a hana kare shiga sai ƙasa ta tsane. Binnewar ma riba ce ga mai lambu, don yuriyar da aka watsa a sarari cikin rana wani kasonta iska ke kwashewa. Mai awaki da tumaki ya ƙara kula, domin su yuriya kan kashe su cikin ɗan lokaci idan suka ci da yawa, tumbinsu na mayar da ita amoniya.

Inda na fi jan kunne shi ne garin ƙashi da busasshen jini. Masu sayar da furanni a bakin titi suna yaba su, wasu kuma daga kwata suke samo jinin su shanya da kansu. Taki ne mai kyau, ban musa ba. Amma a hancin kare nama ne aka binne masa. Zai tone kunyar har saiwa, ya haɗiye garin da ƙasa da duk wani abin da aka cakuɗa. Garin ƙashi idan ya yi yawa yakan dunƙule a ciki ya yi tauri kamar siminti, wani lokaci sai an yi tiyata. Jinin kuma yakan jawo amai da zawo mai tsanani. Ni dai na haramta wa lambuna su biyun, ko kyauta aka ba ni.

Wanda ya fi su muni shi ne tunkuzar zurma, wato abin da ya rage bayan an matse man 'ya'yan cika-gida. Indiya ce kan gaba wajen noman zurma, kuma ana sayar da tunkuzar a duniya da sunan taki na halitta. A cikinta akwai risin, dafin da ke hana ƙwayoyin jiki aiki, kuma ba shi da makari. A Koriya ta Kudu an yi ta samun karnukan da suka mutu bayan sun ci irin wannan taki, wanda ake murzawa ƙwaya-ƙwaya har ya yi kama da abincin kare na kanti. Abin takaici, alamun ba sa fitowa nan take. Sai an ɗauki sa'o'i kafin amai da zawon jini su fara, lokacin dafin ya riga ya shiga jiki. Duk buhun takin halitta da bai faɗi abin da ke cikinsa ba, a bar wa mai shi kayansa. Tunkuzar darbejiya da sauƙi, ɗacinta ma kan kori kare, amma a tabbata ba a gauraya ta da ta zurma ba.

'Yan'uwanmu da ke zaune a Kumasi ko Ondo, inda ɓawon koko yake a banza, su ma su kiyaye shimfiɗa shi a gindin shuka. Sinadarin da ya sa cakulan ke cutar da kare yana cikinsa.

Sai juji. Ragowar tuwo, burodi da shinkafar da suka yi funfuna suna iya ɗauke da dafin da ke sa kare karkarwa da jijjiga. Mai haɗa takin gida ya haƙa rami ya rufe, ko ya kewaye wurin da waya.

Akwai kuma ɗabi'ar cakuɗa taki da maganin ƙwari don a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: a zuba Furadan a cikin kamfa, ko a yayyafa fiya-fiya a kan kunya. Sau da yawa idan aka ce taki ya kashe kare, wannan haɗin ne ya yi aikin. Irin waɗannan magunguna jijiyoyi suke kamawa. Za a ga yawu na zuba, ƙwayar ido ta tsuke, jiki na rawa, numfashi na sarƙewa. A gidan da yara ke rarrafe ma bai kamata a ga wannan ba, balle a ce don kare kaɗai.

Abin da nake zubawa a nawa lambun shi ne kashin shanu da na kaji da suka kwana biyu a rami, suka ruɓe har suka koma baƙar ƙasa marar wari. Ɗanyen kashi kare na ci, yana birgima a ciki, ya kwaso tsutsar ciki da ƙwayoyin cuta ya kawo tsakar gida. Toka kaɗan nake sawa, in juya ta da ƙasa, don jiƙaƙƙiyar toka tana cin tafin ƙafa. Idan shuka ta nuna yunwa, in ƙara ɗan kamfa a binne. Buhunan kuma suna cikin durom mai murfi.

Idan tsautsayi ya faɗa, kada a ɗura wa kare ruwan gishiri don ya yi amai, gishirin kansa yana kisa. Manja da madara da aka saba bayarwa ba makari ba ne, kuma ɗura wa dabbar da ke jijjiga wani abu na iya sa ya bi ta huhu. A ɗauki buhun ko kwalbar, ko a ɗauki hotonsu a waya, a nufi likitan dabbobi ba tare da jiran gari ya waye ba. Sanin abin da karen ya ci shi ke gaya wa likita ko allurar atirofin zai yi, ko ƙarin ruwa zai sa, ko hoton ciki zai ɗauka. Lambar likitan kuwa tun yau ya kamata ta shiga waya.