Rogo Ya Yi Ado A Ƙasar Filifin

'Yan'uwana mata, a makon nan za mu leƙa Filifin, wata ƙasa ta tsibirai fiye da 7,000 can gabashin Asiya, mu ga yadda matansu ke sarrafa rogo. Asalin rogo dai daga Amurka ta Kudu yake. Turawan Fotugal ne suka kawo shi Afirka, Turawan Sifen kuma suka kai shi Filifin. Mu nan dafa shi muke yi mu ci da ƙuli da yaji. Su kuwa har alawa suke yi da shi mai suna pichi-pichi, wadda ake ci da la'asar ko ran buki.

Ga yadda ake yi. A fere rogo mai zaƙi, a wanke, a cire jijiyar tsakiya, a goge shi ya yi laushi, kāna a matse a zubar da ruwan. A auna gwangwani 2 na rogon, 2 na ruwa, 1 na sukari. Su kan dafa ruwan tukuna da wani ganye mai ƙamshi da suke kira pandan. Sai a ɗiga ruwan toka ƙaramin cokali guda, shi ke sa alawar danƙo. A dama, a zuba a ƙananan gwangwanaye kamar za a yi alala, a turara a madambaci wajen rabin sa'a. In farin ya ɓace, ta zama garai-garai, to, ta nuna. Bayan ta huce a ciro a mirgina cikin gogaggiyar kwakwa.

Amma fa a yi hattara. Ɗanyen rogo yana da dafi, balle mai ɗaci. Ferewa da gogewa da matsewa da dahuwa sosai su ke kore shi, don haka kada gaggawa ta sa ki sauke da saura.

Akwai kuma wani gargaɗin. A shekarar 2005, a garin Mabini na tsibirin Bohol, 'yan makaranta 27 suka rasu bayan sun ci abincin rogo da suka saya lokacin tara. Da farko rogon aka zarga, amma da ma'aikatar lafiya ta bincika sai ta tarar maganin ƙwari ne ya shiga abincin.

Saboda haka, uwargida, maganin ƙwari kada ya kwana inda gari da sukari suke, kada kuma a juye shi a gwangwanin abinci. Ku kuma 'yammatan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan. Allah ya kiyashe mu, amin.