Kafin a Hau Dutse a Bazara

Da hazon hunturu ya washe, makarantu da ƙungiyoyin matasa kan fara shirin ziyarar wuraren tarihi: Dutsen Dala a Kano, Kufena a Zariya, ko duwatsun Birnin Kudu a Jihar Jigawa. Abu ne mai kyau, amma bazara ba ta san wasa ba. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, dutse kuwa in ya sha rana riƙe ta yake yi. A fita bayan asuba, a sauko kafin rana ta take, kowa da gorar ruwansa da takalmi sau-ciki, ban da silifas. Inuwar kogon da kake marmari, maciji ma ita yake nema, ƙudan zuma kuma a tsagar dutse suke saƙa. Kada yaro ya zura hannu inda idonsa bai kai ba. In hadarin farko ya taso, a sauka, saboda tsawa da santsi.

Sai dai ɓarnar da mu baƙi muke yi wa wuraren ta fi wadda suke yi mana. A Birnin Kudu, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu da mutanen zamanin da suka yi a jikin dutse, waɗansu ma irin marasa tozo ne, ba kamar na Fulanin yau ba. Akwai kuma duwatsun da in an ƙwanƙwasa suke amo kamar ƙarfe, waɗanda masanin tarihi Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Zanen ya kwashe ɗaruruwan shekaru yana jure rana da iska, sai ga saurayi da waya ya watsa masa ruwan leda don launin ya fito a hoto. Launin zai fito na minti biyu, amma kowace watsawa tana cin fentin. Wani kuma gawayi zai ɗauka ya rangaɗa sunansa da na budurwarsa a gefen saniyar, kamar wani ya tambaye shi. Waɗannan wurare suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, kuma dokar 1979 ta haramta lalata su. Guntun tukunya ko kashin maƙera da ka gani a ƙasa, bar shi a inda yake. Da ka jefa shi aljihu, masani ya rasa shaidar wurin da aka same shi.

A irin wannan fita kuwa, abin da ya fi ɗaukar rai shi ne tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika. Tun da na Mpape a Abuja ya yi tashe a 2020, matasa ke neman irinsa don hoto da wanka. Irin wannan rami ba shi da gaɓa kamar kogi. Bangonsa a tsaye yake, taku ɗaya daga baki ka faɗa zurfin da ya shanye mutum, ruwan ƙasan kuma da sanyin da kan ɗaure gaɓoɓi ko da gwanin iyo ne. Malamin da ya kai ɗalibai ya ƙirga su kafin a isa da bayan an taso, ya hana kowa kusantar baki. In wani ya faɗa, kada a bi shi. A miƙa masa igiya ko doguwar gora, a yi kururuwar neman mutanen gari.