Dariya a Gidan Makoki

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya kakata ta rasu a Daura. Tsohuwa ce tukuf, har tattaɓa-kunne ta gani. Ranar sadakar uku, maza na zaure suna karɓar gaisuwa, sai wata 'yar gwaggona ta faɗa ɗakin marigayiya, ta ɗauro zanenta na saƙi, ta ɗauki sandarta, ta fito a duƙe tana tari irin nata, tana faɗa wai wa ya taɓa mata ƙullin goro. Tsakar gida ya kaure da dariya. Gwaggo, hawaye bai ko bushe mata ba, ta kai mata duka da mafici: "Ja'ira, Allah ya shirye ki! Kishiyar taki ta bar miki gidan, sai ki huta." Mu sauran jikoki muka tare ƙofar ɗakin, muka ce ba mai shiga sai an sallame mu. Aka kuwa sallame mu da 'yan canji.

Ba wanda ya kira wannan rashin tarbiyya. Wasan jika da kaka ne, kuma mutuwa ba ta yanke shi nan take.

Abin lura shi ne, harshenmu ya riga ya raba wa haske da duhu gado. Farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, farar aniya da baƙar aniya. Jahili duhun kai gare shi, mamaci kuma a roƙa masa Allah ya haskaka kabarinsa. Amma Bahaushen da ya ce dare rigar mugu, shi ne dai ya ce dare mahutar bawa. Barkwancinmu mai ɗaci a tsakanin waɗannan karin magana biyu ya kafa bukka, kuma sau da yawa dare yake ba gaskiya.

Ɗauki tatsuniya. Da dare ake yin ta, har a tsorata yaro cewa mai yin ta da rana ɓata yake yi. To me ke cikinta? Dodo mai haɗiye mutane, kishiyar uwa mai tura marainiya ga halaka, Kura da ake jibga har ta mutu yara suna ƙyaƙyatawa. Akwai wadda kakar tawa take ba mu: Gizo ya gano yadda zai riƙa shiga cikin bajimin sarki da dare yana yanko kitse. Ya ja Kura, ya gargaɗe ta kada ta taɓa zuciya. Kwaɗayi ya hana ta ji, sa ya faɗi matacce suna ciki. Gari na wayewa aka kira mahauta. Gizo ya sulale, ya dawo yana taya sarki jaje, har da ba da shawarar a daki tumbin da sanduna, ya san can Kura ta ɓuya. Ɓarawo ya zama mai ba da shawara da rana tsaka, a gaban fada. Yaron da ya ji wannan a hasken farin wata ya koyi abin da ba wanda zai faɗa masa da rana. Ko rufewar tatsuniyar ma, ƙurunƙus kan kusu, da kan ɓera ake sallamar yara su je su kwanta.

Labarin kafuwar Daura kansa yana da irin wannan juyi. Macijin rijiyar Kusugu, wanda ake kira Sarki, ya hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Bayajida ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa bai samu ba, ya tafi rijiyar cikin dare ya sare kan macijin ya tafi da shi. Ba kiɗa, ba shaida. Sai da rana ta fito, sarauniya Daurama ta yi alkawarin rabin gari, jarumai suka yawaita: kowa shi ya kashe. Aka ce to a kawo kai. Duk wanda ya ji mai ba da labari ya iso wannan gaɓa ya san nan ake dariya. Ƙarya ta sha rawani a fada, gaskiya tana cikin jakar baƙo, jina-jina.

Tashe kuwa shi ne lasisin dare na shekara-shekara. Daga goma ga azumi, bayan an sha ruwa, yara su shafa gawayi ko toka, su manna gemun auduga, su cusa tsumma a ciki, su bi gida-gida. A Tsoho da Gemu ana kwaikwayon tsufa da rawar jikin wanda ƙafarsa ɗaya ke kabari. A Jatau Mai Magani ana yi wa boka shaƙiyanci. A Ka Yi Rawa, malam ne da kansa ake tuhuma, mutumin da da rana sai an durƙusa ake gaishe shi. A Kano ga Nalako, sarkin gwauraye, yana farautar marasa aure. Gari ya waye kowa ya koma girmansa, yaron da ya kwaikwayi malam jiya yana gabansa da allo.

Marigayi Rabilu Musa Ibro ya ɗauko wannan lasisi ya kai shi kaset. Duniya na cikin firgicin harin 11 ga Satumba 2001, shi kuwa ya fito da fim ɗin Ibro Usama. Mutumin da ya taɓa aikin gandiroba, a 2008 sai ga shi a kurkuku, bayan kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi wata biyu kan fim ɗin Ibro Aloko a Kano. Da a fim ya shirya wannan, da an ce ya cika ƙari. Ya rasu a Disamba 2014.

Sauran duniya ma suna da nasu. A 1940 marubucin Faransa André Breton ya tattara irin wannan rubutu a littafi guda, ya kira shi baƙin barkwanci. A Amurka, Charles Addams ya fara zanen wani iyali a mujallar The New Yorker a 1938, masu jin daɗin hadari da maƙabarta, masu ƙyamar rana. Jikanyar wannan zane ita ce Wednesday da Netflix ta fitar a 2022. A Meziko, ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, har alewa ake yi mai siffar ƙoƙon kai. A ganina bambancinmu da su a fili yake. Su sun mai da kabari abin ado. Mu wasanmu a ƙofar gida yake tsayawa. Ban taɓa ganin jikan da ya bi makara zuwa maƙabarta yana raha ba. Galibi masu rai muke yi wa, musamman masu farar riga.

Yanzu abin ya koma Facebook da TikTok da cikin motar haya, kuma dodon ya sauya: 'yan bindiga ne da kuɗin fansa. Kwanaki na shiga mota daga Katsina zuwa Funtuwa. Wani a baya ya ce in an tare mu, don Allah a shaida musu shi malamin firamare ne, ƙila su tausaya su ba shi kuɗin mota. Aka bushe da dariya, ban da wata dattijuwa da ke kusa da ni. Ta ce ƙaninta sai da aka sayar da gona biyu kafin ya dawo. Mota ta yi tsit, malamin ya shiga ba ta haƙuri: "Wallahi Inna ban sani ba."

Ta ce ba komai ɗan nan. Ta ce a ƙauyensu yanzu da an yi isha'i ake kashe kowace fitila, har ta waya, don haske shi ke nuna gidan da ke da mutane. Ta gyara mayafi, ta ce ai masu wutar lantarki ne kaɗai suka ba su tsaro, tun da aka kafa turakun ba su taɓa kawowa ba. Ita ta fara dariyar, sannan muka bi ta.