CIWON BAYA: ƘASHI MA RUMBU NE

Manoma da makiyaya, duk wanda ya wuni duƙe bisa kalme ya san ciwon baya. Da marece, in za ya miƙe, sai ya dafa ƙugu. Matar da ta yi daka, ta ɗauko ruwa da icce, ga goyo, ita ma ta san shi. Ba a Nijar kaɗai yake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020, mutum miliyan 619 ke fama da ciwon ƙugu. Amma ciwon baya iri-iri ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba.

Ciwon wahala

Gadon bayan mutum ba sanda ɗaya ba ce. Ƙananan ƙasusuwa ne jere, wani bisa wani. Guda 24 daga cikinsu na motsi. Tsakanin kowane biyu akwai wani abu mai taushi kamar gammo. Guda 5 na wajen ƙugu su ke ɗauke da nauyin jiki da na kaya.

Bido mai litar 25, in ya cika da ruwa, kilo 25 ne. Buhun hatsi ya kan kai kilo 100. Wanda ya sunkuya ya fizgi irin wannan kaya, ƙugunsa ya zalunta. Ga yadda ya kamata: ka matso kusa da kayan, ka tsuguna, ka rungume shi, ka tashi da ƙarfin ƙafafu. Kada ka murɗa jiki da kaya a hannu. Buhu kuwa a kama shi mutum biyu, ko a matso da amalanke. Inda ƙasa jigawa ce, hauya mai dogon ƙota ta fi kalme sauƙi ga baya, don a tsaye ake aiki da ita.

In ciwon ya kama ka, kada ka kwanta sati guda. Doguwar kwanciya ƙara sandarewa take yi. Rage aiki mai nauyi, ka dinga tafiya kaɗan-kaɗan, ka gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Mafi yawan irin wannan ciwo na sauƙi kafin sati 6.

Wani za ya ce: "Ni da nake wuni gona, wane motsa jiki za a koya mini?" Gaskiyarka, malam. Aiki na ƙara wa ƙashi ƙarfi. Amma noma wuri ɗaya yake lanƙwasa ka. Don haka, in ka kai ƙarshen kunya, miƙe, ka dafa ƙugu, ka ɗan karkata baya a hankali. Da safe, kwanta rigingine bisa tabarma, jawo gwiwoyi wajen ƙirji, ƙidaya 10, ka saki. Yi haka sau 5.

Ciwon da ba ya sallama

Ku dubi tsofaffin garinku, tun ba mata ba. Wata da can doguwa ce, yanzu ta gajarce, bayanta ya doro. Wata santsi kaɗan ya kayar da ita bakin randa, sai ƙashin wuyan hannu ko na kwatangwalo ya karye. Mu kan ce tsufa ne. Sau da yawa cuta ce, wadda lokotoro ke kira osteyoporoz, wato zaizayar ƙashi. Ƙashin na komawa kamar iccen da gara ta ci: waje lafiya, ciki duk ramu. Ba ta zafi sai ranar da ƙashi ya karye.

Abin da ke sa ƙashi tauri wani sinadari ne mai suna kalsiyom. Daga abinci muke samun shi, kuma kashi 99 cikin 100 na wanda ke jikinmu yana cikin ƙashi da haƙora. Ƙashi rumbu ne. Jiki na zuba kalsiyom ciki tun ƙuruciya har wajen shekara 30. Daga nan sai ɗiba. In abinci bai kawo ba, jiki ya buɗe rumbu ya ɗauka. Kowane manomi ya san halin gidan da rumbunsa bai cika da kaka ba: kafin damana ta yi tsakiya an ga gindi.

Mata sun fi shiga wannan hali. Mai shayarwa daga ƙashinta ake ɗibar wani abu a zuba cikin nono. Bayan yaye rumbun na sake cika, muddin tana samun abinci. Yarinyar da ta haihu tun ita kanta ba ta gama girma ba, rumbu biyu take cikawa da damma ɗaya. Kuma in jinin al'ada ya ɗauke, wajen shekara 45 zuwa 55, ɗibar na ƙara sauri.

Da mi ake cika rumbun?

Tuwon hatsi na ba da ƙarfin aiki, amma kalsiyom ɗinsa kaɗan ne. Nono shi ne kan gaba: na saniya, na akuya, na raƙuma, da cuku. Rabin litar nono a rana ya fi rabin abin da babban mutum ke bukata. A nan muna da magana da makiyaya. Sau nawa ake kai ƙwaryar nono kasuwa duka, ɗiyan gida su sha furar da aka dama da ruwa kaɗai? Kuɗin nono na da amfani, mun sani. Amma a ware na gida tukuna, a fara da ƴan mata masu tasowa, da masu ciki, da masu goyo.

Wanda ba ya da dabba, ga miyar kuka, ga zogala, ga riɗi, ga wake, ga ƙananan kifi da ake ci har ƙaya. Iccen zogala guda biyu bayan ɗaki ba su cin kuɗi. Hasken rana ma abinci ne ga ƙashi: shi ke sa fata ta yi bitamin D, wanda ke taimaka wa jiki ya karɓi kalsiyom. Matan kulle da tsofaffin da ba su fita, su dinga zama tsakar gida da hantsi. Tsoho ya ci gaba da takawa zuwa masallaci da kasuwa, ko da sanda ne.

Taba da giya na cin ƙashi. Haka ƙwayar nan deksa, da masu tallar magani ke sayarwa a kasuwa don ciwon jiki ko don ƙiba. In an daɗe ana shan ta, ƙashi take zaizayewa. Wanda ya riga ya daɗe kanta kada ya bari rana ɗaya, akwai hatsari. Ya je likita a rage masa sannu-sannu.

Yaushe za a garzaya likita?

In ciwon baya ya zo da zazzaɓi, da gumin dare, da rama, wannan ba wahalar gona ba ce. Tarin fuka na kama ƙashin baya, har ya fitar da ƙusumbi ko ya shanye ƙafafu. Yana warkewa in an fara magani da wuri. Akwai kuma cutar da ke sa dabba ɓari, wadda ke shiga mutum ta ɗanyen nono, ta kawo zazzaɓi mai zuwa yana komawa da ciwon ƙugu. Shi ya sa ake tafasa madara kafin a sha ko a kafa ta. Tafasawa ba ta ɓata kalsiyom.

In ƙafa ta mutu, ko fitsari ya riƙe, ko yana zuba ba da sani ba, ko tsoho ya faɗi baya ya hana shi tashi, kada a tsaya tsaga ko ƙaho. A shimfiɗa masa tabarma cikin amalanke, kwance, a kai shi likita ran nan.